Tarihin Samanja Chari Maigumeri, Sojan Da Sunansa Ya Tsira Daga Yaƙin Garwa Har Zuwa Bama

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu 'yan kasuwa na Banki da Amcide, da Gamboru da Fotokol, da Mubi da Kusiri, har zuwa Garwa-Bulai da Kye-Ossi, muna yi muku sallama daga nan unguwar Briketeri a birnin Yawunde. A yau filin namu na tarihi zai waiwayi rayuwar wani ɗan mazan jiya wanda ya fara aikin soja a nan ƙasar Kamaru ƙarƙashin tutar Jamus, ya ƙare shi a Nijeriya ƙarƙashin tutar Ingila, kuma kowane ɓangare ya rataya masa lambar jarumta a ƙirji. Wannan mutum shi ne Chari Maigumeri.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Abuja zuwa kudancin Nijeriya da motar kaya ya ratsa ta Lokoja, kuma mai yiwuwa ya ji an ambaci barikin soja na Chari Maigumeri da ke garin. Da yawa suna jin sunan su wuce ba su san mai shi ba. Mun ɗauko tarihinsa ne domin yana cikin 'yan ƙalilan daga mutanenmu da suka je yaƙe-yaƙen Turawa aka kuma rubuta sunansu a inda jama'a za su riƙa gani. Dubban da suka yi tafiya tare da shi, waɗansu suna kwance a jeji, waɗansu a ƙarƙashin kogi, waɗansu a cikin teku, kuma mafi yawansu babu ko dutse guda da ke ɗauke da sunansu.

Ƙasar da ya taso a cikinta

Chari mutumin ƙasar Barno ne, kuma sunansa na biyu yana nuni ga garin Magumeri da ke arewa maso yammacin Maiduguri. Ya taso ne a lokacin da ƙasar Barno ke cikin rikici. A watan Afrilu na 1900 Faransawa suka kashe Rabe a Kusiri, daga nan sai Turawa uku suka yanyanka daular Shehu tsakaninsu. Ingila ta ɗauki babban kaso, Faransa ta ɗauki nata, ita kuwa Dikwa da ƙasar da ke gabas da ita suka faɗa hannun Jamusawa, aka haɗa su da Kamaru. Saboda haka yaron Barno na wancan zamani, idan ya yi tafiyar kwana biyu ko uku da ƙafa, yana iya samun kansa a ƙarƙashin wani Bature dabam mai wani harshe dabam.

Su Jamusawa sun kafa mulkinsu a bakin tekun Duwala tun 1884, suka kafa sansani a Yawunde a 1889. Ita kanta wannan unguwa tamu ta samo sunanta ne daga wurin gasa bulo na zamanin Turawa. Daga Yawunde ne hafsoshinsu irin su Hans Dominik suka riƙa hawa arewa, suka ci Garwa a 1901, suka ci Marwa a farkon 1902. Turawan ba su da yawa, don haka ƙarfin rundunarsu baƙar fata ne. Da farko sun ɗauko sojoji daga wajen ƙasar, ciki har da Hausawa da mutanen Dahome da na Laberiya, daga baya suka koma ɗaukar 'yan ƙasa. Fatake Hausawa kuwa sun riƙa bin hanyoyin da sojojin suka buɗe, suna kai tufafi da gishiri da kanwa, suna sayo goro da hauren giwa da roba, kuma ta haka ne unguwannin Hausawa suka kafu a garuruwan kudu.

Cikin wannan runduna ta Jamus Chari ya shiga yana saurayi, gab da ɓarkewar yaƙin duniya na farko. Ya kamata mai karatu ya lura cewa a lokacin aikin soja sana'a ce ta neman abinci, kamar dako ko rakiyar ayari. Akwai albashi, akwai kaki, akwai kwarjini a gari. Ita Nijeriya ma sai a Janairun 1914 aka haɗe kudancinta da arewacinta, saboda haka saurayin da ya shiga soja bai yi tunanin yana yi wa wata ƙasa tasa aiki ba.

Yaƙin Garwa

A watan Agustan 1914 yaƙi ya ɓarke a Turai, kuma kafin watan ya ƙare wutarsa ta iso kogin Binuwai. Sojojin Ingila suka taso daga Yola ƙarƙashin Laftanar Kanar Maclear suka auka wa Garwa a ƙarshen watan. Jamusawa sun riga sun haƙa ramuka, sun gina ganuwa a kan tuddan garin, sai harin ya watse. Aka kashe Maclear da waɗansu hafsoshinsa, sauran suka koma Yola da raunuka. Abin takaici a nan shi ne, masu harbi daga cikin ramukan da masu rugowa daga waje kusan duk mutanen yanki ɗaya ne, da yawansu suna jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci. A wannan yaƙi na arewacin Kamaru ne Chari ya nuna jarumtar da ta sa Jamusawa suka ba shi lambarsu ta Kuros ɗin Ƙarfe.

A shekarar 1915 Turawan Ingila suka komo ƙarƙashin Kanar Cunliffe, tare da Faransawa ƙarƙashin Laftanar Kanar Brisset. A wannan karon sun kawo manyan igwa, har da wadda aka ciro daga jirgin ruwan yaƙi aka hauro da ita ta kogi. Suka kewaye garin suna ta ruwan harsashi. Da wuta ta yi wuta, sai sojoji baƙar fata da yawa suka ƙi ci gaba da yaƙi, waɗansu suka faɗa kogin Binuwai domin su tsere da iyo, ruwa ya ci da dama daga cikinsu. Ran 10 ga Yunin 1915 kwamandan Jamusawa, von Crailsheim, ya miƙa wuya. Chari yana cikin waɗanda suka faɗa hannun Turawan Ingila a Garwa.

Daga nan mulkin Jamus ya kama gangara. Ngaundare ta faɗi a ƙarshen Yuni, Banyo a Nuwamba, kuma ran 1 ga Janairun 1916 sojojin Ingila suka shigo Yawunde. Gwamna Ebermaier da ragowar rundunarsa suka gangara kudu, suka tsallaka ƙasar Rio Muni ta Sifaniyawa, wato ɓangaren Ikwatoriyal Gini da masu cin kasuwar Kye-Ossi suka sani a yau. Wuri na ƙarshe da ya rage shi ne dutsen Mora, inda Kyaftin von Raben da mutanensa suka jure wa ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi kafin su sauko ran 18 ga Fabrairun 1916. Bayan haka aka raba Kamaru, Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Ingila ta ɗauki siririn yanki da ke maƙwabtaka da Nijeriya. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Fabrairun 1961 ita ce ta mayar da arewacin wannan yanki cikin Nijeriya, kudancinsa kuma cikin Kamaru. To, iyakar da muke tsayawa a kanta yau muna biyan kuɗin kwastan, wannan yaƙi ne ya fara shata ta.

Sabuwar tuta da tafiyar teku

A shekarar 1917 Chari ya sa hannu a rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya kafa a 1897. Ba shi kaɗai ya yi haka ba. Turawan Ingila suna cikin tsananin buƙatar ƙwararrun sojoji, kuma sun ga yadda waɗanda Jamusawa suka horar suka wahalar da su, saboda haka suka buɗe musu ƙofa. Aka tura shi Afirka ta Gabas, ƙasar Tanzaniya ta yau, inda ya yaƙi tsofaffin iyayen gidansa da ke ƙarƙashin Janar von Lettow-Vorbeck.

Birged ɗin Nijeriya ya sha wuya matuƙa a can. A daminar 1917 ruwa ya yanke hanyoyi a yankin kogin Rufiji, abinci ya ƙare, sojoji suka koma cin saiwoyi da ganyayen da ba su sani ba, waɗansu suka mutu ta haka. A watan Oktoba kuma aka yi gumurzun Mahiwa, inda aka yi asarar rayuka da yawa cikin 'yan kwanaki. Bayan masu bindiga akwai dubban 'yan dako da ke ɗauke da harsashi da abinci a ka, kuma zazzaɓi da atini sun kashe su fiye da yadda harsashi ya kashe.

Kafin a kai ga wannan fage sai an yi makonni a kan teku, daga Ikko ko Kalaba a zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu har zuwa Darussalam. Mafi yawan waɗannan samari ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Binuwai ko Tafkin Cadi ba. An cunkusa su a cikin jirage, ga sanyi, ga cututtuka. Wanda ajali ya same shi a tsakiyar ruwa, al'adar jiragen ita ce a naɗe shi a tamfol, a ɗaura masa abu mai nauyi, a sauke shi cikin teku. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin irin wannan hali tun da daɗewa: idan mutum ya rasu a jirgin ruwa kuma ba a sa ran isa tudu kafin gawarsa ta sauya, ana yi masa wanka da likkafani da salla, sannan a sanya shi cikin ruwa. Saboda haka a wajen addini babu aibi ga wanda teku ta zama makwancinsa. Abin da ke ciwo shi ne iyalinsa a Katsina ko Dikwa ba su da wurin da za su nuna, sau da yawa ma babu takardar da ta sanar da su ranar da ya rasu.

Akwai wani jirgi mai suna Mendi da ya kamata mu ambata. Yana cikin jiragen da suka kwashi sahun farko na sojojin Nijeriya zuwa Darussalam a ƙarshen 1916. Daga can ya wuce Afirka ta Kudu ya ɗauki leburorin yaƙi baƙar fata zai kai su Faransa. Da asubahin 21 ga Fabrairun 1917, cikin hazo, wani jirgi mai suna Darro ya buge shi kusa da gaɓar Ingila, ya nutse cikin ɗan lokaci kaɗan da mutum fiye da 600. An rubuta sunayen mafi yawansu a wani bangon tunawa da ke birnin Southampton, kuma har yau Afirka ta Kudu tana tunawa da su kowace shekara. Da a ce haɗarin ya auku watanni uku kafin nan, da 'ya'yan Kano da Zariya da Barno ne a cikinsa.

Zaman bariki

Da yaƙi ya ƙare a 1918 aka sallami sojoji da yawa, amma Chari ya ci gaba da aiki. Ya riƙa hawa daga muƙami zuwa muƙami, daga kofur zuwa saje, daga saje zuwa samanjan kamfani, kuma kafin shekarun 1920 su ƙare ya zama babban samanja na Bataliya ta 3 ta rundunar Nijeriya. A wancan zamani wannan shi ne ƙololuwar abin da baƙar fata zai iya kaiwa, domin muƙamin hafsa na Turawa ne kawai.

Masu kallon wasan Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi sun san samanja da tsawa da murza gashin baki, to amma aikin ya wuce nan. Babban samanja shi ne gada tsakanin Bature da sojoji. Shi ke horar da kurata, shi ke tsare ladabi a fareti, shi ke sanin wanda matarsa ta haihu da wanda bashi ya yi wa katutu, shi ke raba rigima a layin iyali. Hausa ce harshen bariki a lokacin, har ana buƙatar hafsoshi Turawa su koye ta, kuma ko Bayarabe ko Tibi ko Babarbare ya shiga soja da ita zai yi magana. Hafsoshi suna zuwa su yi 'yan shekaru su koma gida, shi kuwa samanja yana nan, don haka shi ne ya san bataliyar ciki da waje. Chari ya riƙe wannan matsayi shekaru fiye da ashirin.

Habasha da Bama

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939, Chari ya riga ya haura shekara arba'in, amma bai tsaya a baya ba. A tsakiyar 1940 aka sake ɗora bataliyarsa a jirgin ruwa zuwa Kenya domin yaƙar Italiyawa, waɗanda suka mamaye Habasha tun 1936. Birged ɗin Nijeriya ne ya shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairun 1941, sannan ya juya arewa cikin motoci, ya ci tafiyar fiye da mil 1,000 a cikin kusan wata guda har ya isa Harar. Ran 6 ga Afrilu Addis Ababa ta faɗi, a watan Mayu kuma Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa. Yaƙin bai tsaya nan ba, domin sai da aka bi ragowar Italiyawa zuwa kudu maso yamma aka ƙetare kogin Omo a watan Yuni. A wannan yaƙi na Habasha ne aka ba Chari lambar jarumta ta sojan Ingila, wadda ake taƙaitawa da MM. Ga shi nan, mutum ɗaya ya karɓi lambar jarumta daga Jamus, ya kuma karɓa daga abokan gabanta.

Bayan sun komo gida aka shirya manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka tura su Indiya, daga nan zuwa Bama domin yaƙar Japanawa. Wannan shi ne yaƙin Bama da tsofaffinmu ke yawan ambata. Ita ma wannan tafiya ta teku ce, kuma mai haɗari, domin jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa suna farauta a tekun Indiya. Alal misali, ran 12 ga Fabrairun 1944 Japanawa suka nutsar da jirgin Khedive Ismail da ya taso daga Mombasa, mutum kusan 1,300 suka halaka, mafi yawansu sojojin Afirka ta Gabas.

A yankin Arakan na Bama babu hanyar mota a wurare da yawa. Duwatsu ne da ƙungurmin daji da rafuka, saboda haka jirgin sama ke jefo abinci, mutanenmu kuma su ɗauki kaya a ka su hau dutse da shi. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung, suka ci gaba da bin abokan gaba kudu har damina ta sauka. Chari yana tare da mutanensa a wannan daji, an kuma ambaci sunansa cikin rahotannin yabo na manyan kwamandoji. A 1944 aka ƙara masa lambar Daular Biritaniya, wato BEM, saboda daɗewarsa yana aiki da riƙon amana. Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, mafi yawan sojojin kuma suka komo gida a 1946.

Ritaya da abin da aka bari na tunawa

A shekarar 1953 Chari yana cikin sojojin da suka wakilci Nijeriya a bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a Landan. A wannan shekarar ce ya yi ritaya, bayan shekara 36 a rundunar Ingila, ban da shekarun da ya yi wa Jamusawa. Aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa, abin da ba a saba yi wa samanja baƙar fata ba.

Rundunar sojan Nijeriya ta sa wa barikinta na Lokoja sunansa, kuma a garin ne hedikwatar adana bayanan sojojin ƙasar take. Lokoja tana cikin wuraren da rundunar ta fara zama a zamanin Lugga, kuma a nan ne kogin Binuwai, wanda ya ratso ta Garwa da Yola, yake haɗuwa da kogin Kwara. A garin akwai kuma dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin Kamaru da na Afirka ta Gabas, da tsofaffin igwa a gefensa.

Barikoki da yawa na Nijeriya suna ɗauke da sunayen wuraren da mutanenmu suka zubar da jini: Dodan da Arakan da Myohaung da Tamandu a Ikko, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja. Sai dai waɗannan sunayen fagen fama ne da na rundunoni. Daga cikin sojojin ƙasa na wancan zamani, kaɗan ne ƙwarai aka ɗaga sunansu kamar yadda aka ɗaga na Chari.

Waɗanda ba a rubuta ba

A nan Yawunde, a unguwar ma'aikatun gwamnati, akwai tsohuwar maƙabartar Jamusawa, inda ake iya karanta sunaye a jikin duwatsu. A Duwala akwai ginin tunawa da Gustav Nachtigal, Baturen da ya ziyarci Shehun Barno a Kukawa a 1870, kuma ya kafa tutar Jamus a Kamaru a 1884. Shi a cikin jirgin ruwa ya mutu a 1885, amma ba a bar shi a teku ba, an sauke shi a tudu an binne, daga baya aka kwaso ƙasusuwansa zuwa Duwala. Su kuwa samarin da kogi ya ci a Garwa, ba su da irin wannan gini.

Turawan Ingila da kansu sun amsa wannan laifi. A watan Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoto a kan yaƙin duniya na farko, inda ta ce mutum 45,000 zuwa 54,000, akasarinsu 'yan Afirka da 'yan Indiya, ba a yi musu irin tunawar da aka yi wa Turawa ba, sannan aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a tuna da su ba sam. Rahoton ya nuna cewa waɗansu gwamnonin mulkin mallaka sun yi ra'ayin cewa baƙar fata ba zai san darajar dutsen kabari ba. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa. A Janairun 2025 aka buɗe wani wurin tunawa a birnin Cape Town, inda aka kafa ginshiƙan katako fiye da 1,700, kowanne da sunan lebura guda. Su mamatan yaƙin Bama da ba a san kabarinsu ba, an rubuta su a bangon maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon, mai ɗauke da suna kusan 27,000, ciki har da na mutanen Afirka ta Yamma. Mu tambayi kanmu, iyalai nawa ne a Sakkwato ko Maraɗi suka san sunan kakansu yana can?

A ɓangaren Faransa ma, inda kakannin da yawa daga cikinmu a Kamaru da Nijar da Cadi suka yi soja, labarin bai fi haka daɗi ba. A sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ran 1 ga Disamban 1944, aka buɗe wa sojojin Afirka wuta saboda sun nemi haƙƙinsu, kuma kaburburan da ke maƙabartar wurin ba su da sunaye.

Idan muka duba yadda waɗansu ƙasashe ke yi, za mu ga rashin gawa ba ya hana a rubuta suna. Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka wata a Yulin 1969, tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne na sojan ruwan Amurka. Da ya mutu a 2012 aka zuba tokarsa a tekun Atlantika ran 14 ga Satumba daga wani jirgin ruwan yaƙi. Ƙona gawa ba hanyarmu ba ce, amma abin lura shi ne ba shi da kabari, kuma sunansa bai ɓace ba. Gwamnatin Amurka tana ba da dutsen tunawa ga iyalin tsohon sojan da aka binne a teku ko wanda ba a ga gawarsa ba. A maƙabartar soja ta Arlington akwai duwatsun tunawa da 'yan sama jannatin da suka halaka a kumbon Challenger a 1986 da na Columbia a 2003. Tun a 1971 ma 'yan sama jannatin Apollo 15 suka ajiye wani ƙaramin allo a kan wata, mai ɗauke da sunayen mutum 14 na Amurka da na Tarayyar Sobiyet da suka riga mu gidan gaskiya, duk da cewa ƙasashen biyu ba sa ga maciji da juna a lokacin.

Abin da ya rage gare mu

Mu dai a al'adarmu ba ma gina kabari, tudun ƙasa ne da 'yar alama, kuma bayan shekaru sai ya baje. Ba mu zo da kiran a sauya wannan ba. Amma kowane ɗan kasuwa ya san bashin da ba a rubuta a littafi ba, da wuya a biya shi bayan mai shi ya rasu. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, to akwai bashin waɗannan mutane a kanmu, kuma mafi ƙarancin abin da za mu biya shi ne mu adana sunayensu.

A gidaje da yawa na Briketeri da Garwa da Mubi da Damagaram akwai tsohuwar adaka da ke ɗauke da littafin sallama na soja, ko lambar ƙirji, ko hoton wani dattijo cikin kaki. Kada a bari gara ta cinye su, kada kuma a sayar wa masu yawon sayen kayan tarihi. A ɗauki hotonsu da waya, a rubuta cikakken sunan mutumin da garinsa da lambarsa ta soja da yaƙin da ya je, a tambayi tsofaffin da suka rage tun suna da rai. Hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel tana da shafi a intanet inda ake neman suna kyauta. Mai nema ya tuna cewa Turawa sun fi rubuta sojojinmu da sunan yanka haɗe da sunan gari, kamar a ce wane Kano, wane Katsina, wane Dikwa, kuma rubutun nasu yakan karkace, don haka a gwada shi ta fuska biyu ko uku. Waɗanda kakanninsu suka yi wa Faransa aiki suna iya tuntuɓar ofishin tsofaffin sojoji na ƙasarsu, na Nijeriya kuma su nemi ƙungiyar 'yan mazan jiya, wadda ake ganin 'ya'yanta a fareti kowace ranar 15 ga Janairu.

Chari Maigumeri ya tsira daga igwar Garwa, ya ƙetare teku sau da yawa, ya komo daga Habasha da Bama da ƙafafunsa, shi ya sa aka samu damar karrama shi. Duk wanda ya bi ta Lokoja ya ji sunansa, to ya tuna har da abokan tafiyarsa da ba su komo ba, ya sa su cikin addu'a. Allah Ya jiƙan magabatanmu na tudu da na ruwa, Ya sa mu cika da imani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.